Kurege Ɗan Kwangilar Hukumomi Biyu

Ku matso kusa, ku gyara zama, ga wata nan tafe. In kun ce ta zo, to ta iso, sai a ba ta wuri.

A wancan zamani Zaki ne kaɗai yake riƙe da daji, tun daga kan duwatsu har bakin kogi. Duk wanda ƙaya ta soka, wurin Zaki zai kai ƙara. Biri ya ci ɗinyar wani, sai Zaki. Kwaɗi sun hana wani barcin rana, sai Zaki. Abin ya ishe shi, ga tsufa ya fara taɓa masa gwiwa. Ran nan sai ya tara dabbobi ya ce ya gaji, ba zai iya sanin ƙaiƙayin kowa daga inda yake kwance ba. Saboda haka ya raba dajin gida biyu, kowane ɓangare ya zama ƙaramar hukuma da ciyaman ɗinta. Tudun Ƙirya ya ba Gadu, mai haure a waje da gajeren haƙuri. Fadamar Kainuwa ya ba Dorina, wadda in ta yi hamma sai kifaye su fara neman gafarar juna.

Ya buɗe manyan rumbunan fada, ya raba gero da gyaɗa, ya ba kowa kasonsa. Ya ce su je su yi wa talakawansu aiki da shi, tunda su ne kusa da su. Har ya juya zai shiga ciki, sai ya ƙara da cewa wata rana zai leƙo ya ga wanda ya fi wani. Shi dai ya faɗa ne don bakinsa ya saba da irin wannan magana, ya shiga ya yi kwanciyarsa. Amma maganar ta shiga kunnen Gadu ta zauna, ta shiga kunnen Dorina ta yi ɗaki.

To, akwai Kurege. Kun dai san shi, ɗan mitsitsi, jela ta fi jiki. A damina da kowa yake noma, shi yana gindin bishiya yana gyaran jela, yana cewa fartanya ba ta dace da hannunsa ba. Da rani ya yi, yunwa ta kama shi har in ya yi tari sai ka ji haƙarƙarinsa suna gaisawa. Da ya ji an ce sabon ciyaman ɗin Tudu zai yi zaman farko, sai ya tafi ko zai sami ragowar abinci.

Bai sami abinci ba, amma ya sami abin da ya fi. Wata tsohuwa, Iya Bushiya, ta miƙe a gaban taro ta ce su dai mutanen Tudu ƙishirwa ce damuwarsu, a taimaka a haƙa musu rijiya. Gadu ya gyaɗa kai kamar yana ji. Da ta gama sai ya dubi fadawansa ya ce, "Wai me Dorina take yi a can?"

Ba wanda ya sani. Aka ci gaba da zance, can sai ya sake tambaya. Kafin a tashi ya tambaya har bakinsa ya bushe. Kurege ya fito daga wurin yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya hau kan kututture ya yi wa kansa kirari:

"Ni ne Kurege na bakin rami. Jikina bai cika ludayi ba, cikina kuwa ya ci rumbu. Manya su yi ta kallon juna, ni in yi ta kallon tukunya."

Da gari ya waye sai ya ɗauko wata tsohuwar riga da ya tsinta a kan shinge ya zura. Ya sami saɓar maciji ya naɗa rawani da ita. Jelar nan tasa kuma ya naɗe ta a ƙugu a ƙarƙashin riga, sai ta zama tumbi, irin na wanda ya daɗe yana cin kwangila. Ya isa fadar Gadu yana tafiya da ƙyar, ya ce shi ne Alhaji Tanimu mai gini, yanzu ya biyo ta Fadama, kuma abin da ya gani can ya hana shi karin kumallo.

Gadu ya kori kowa, ya jawo shi kusa. Kurege ya rage murya ya ce Dorina ta sa a yi mata ƙofar gari. Gadu ya ce ai Fadama ba ta da ganuwa, ƙofar me za a yi.

Kurege ya ce, "Abin tsoron ke nan, ranka ya daɗe. Mai ganuwa dole ce ta sa shi yin ƙofa. Amma wanda ya yi ƙofa babu ganuwa, wannan ai wadata ce yake nunawa."

Gadu ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Ya ce a yi masa tasa, kuma ta riga ta Dorina tsayuwa. Aka buɗe wa Alhaji Tanimu rumbu guda.

Kurege bai taɓa ɗora ƙasa kan ƙasa ba tun da aka haife shi. Wurin gara ya tafi, ya ce su yi masa gini, ladansu duk busasshen icen da ke cikin daji. Gara suka yi murna, ba su tuna cewa icen nan dama nasu ne ba. Kafin ka ce me, ga ƙofa ta tsaya a tsakiyar fili, babu komai a damanta, babu komai a hagunta. Gadu ya kafa doka cewa duk mai shiga Tudun Ƙirya ta nan zai bi. Sai ka ga dabbobi sun yi dogon layi a rana, ga daji a buɗe ta ko'ina. Raƙumin dawa kuwa sai ya durƙusa ya ja ciki, ya fito wuyansa duk ƙasa, ya ce madalla da ci gaba.

Da gari ya waye Kurege ya canza kama. Ya kifa ƙoƙo a ka ya zama hular kwano. Ya yi tabarau na kara irin wanda yara suke yi. Ya sa wando, ya cusa jela a ƙafar wando guda, sai ya zama yana ɗingishi, in an tambaya ya ce bulo ne ya faɗo masa a wani babban gini a birni. Ya riƙe sanda yana auna duk abin da ya gani. Da ya isa Fadama ya ce sunansa Injiniya Jatau, ya gai da Dorina, ya auna faɗin bakinta da sandar, ya girgiza kai kamar ya gano wata cuta.

Dorina ta tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau, ranki ya daɗe, sai dai ya ga ƙofar da Gadu ya gina, kuma ya ji ana cewa da gangan aka matse ta don kada ciyaman ɗin Fadama ta iya wucewa in ta zo ziyara. Ya ce shi bai yarda ba, amma da ya auna yanzu, gaskiya ba za ta wuce ba.

Dorina ta hura ruwa ta hanci har ya jiƙa fadawanta. Ta ce a gina mata ƙofar da giwaye za su shiga a jere suna hira. Aka buɗe wa Injiniya Jatau rumbu. Gara suka gina ta a cikin taɓo, ta ɗan karkace gefe guda, Injiniya ya ce haka ake yayi yanzu.

Duk abin da ya kwaso, wuri guda yake kai shi. A kan iyakar hukumomin biyu akwai wani tsohon suri, dogo, mai kauri, wanda gara suka daɗe da tashi daga ciki. Kurege ya rarake cikinsa ya mai da shi rumbunsa. Yana zubawa yana ƙara rarakewa, yana ci yana waƙa. Haƙarƙarin nan suka ɓace, har ya fara rage naɗin jela don tumbin gaske ya fara fitowa.

Su kuma ƙananan dabbobin Fadama, zomaye da ɓeraye, gada suke so. Kada ne yake ƙetarar da su kogi a bayansa, kuma ba kullum waɗanda suka hau suke cika a ɗaya gaɓar ba. In an yi magana sai ya ce wasu sun sauka a hanya. Suka kai kuka, Dorina ta ce za ta duba, har ta fara tunanin abin da gaske.

Kurege ya ji. Ya naɗa rawani ya ruga Tudu, ya ce wa Gadu Dorina za ta yi gada. Gadu ya ce to su ai ba su da kogi, ko kududdufi ba su da shi. Kurege ya ce, "Ka dai riga ta, ranka ya daɗe. Kogi in ya ji an yi masa gada, kunya za ta sa ya zo."

Aka yi gada a kan tsandauri, doguwa, ƙura na wucewa ta ƙarƙashinta. Sai ya kifa ƙoƙo ya ɗingisa zuwa Fadama, ya ce wa Dorina Gadu ya riga ta, in ta yi gada yanzu za a ce kwaikwayo ta yi. Amma ya ji ƙishin-ƙishin cewa Gadu zai haƙa rijiya, in ta hanzarta za ta sha gabansa. Dorina ta dubi ruwan da take kwance a ciki har wuya, ta ce a ina za a haƙa. Injiniya ya ce a nan mana. Ya samo wata tsohuwar randa da gindinta ya fashe, ya kafa ta a cikin kogi wurin da ba zurfi. Nan take ta cika. Ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin rijiyar da ta kawo ruwa da wuri haka ba. Aka yi kiɗa, aka yi guɗa, Dorina ta ɗebi ruwan da guga ta sha, ta ce wallahi ya fi na kogi daɗi.

Da labari ya kai Tudu, Gadu ya ce shi da rijiya har abada, ba zai bi bayan kowa ba. Iya Bushiya ta ci gaba da tafiyar nesa da tulunta, sai dai yanzu in za ta tafi sai ta hau gada ta sauka, don haka doka ta ce. Zomayen Fadama kuma suka ci gaba da hawa bayan Kada suna addu'a.

Haka aka yi ta yi. Gadu ya ɗauki makaɗa, Dorina ta ɗauki makaɗa da masu algaita. Gadu ya sa aka yi masa shataletale a inda babu hanya, ya kan je da yamma ya zagaya shi kaɗai har jiri ya ɗebe shi. Dorina ta sa aka shafa wa duwatsun bakin kogi farar ƙasa, ruwa ya wanke, aka sake shafawa. Ba wanda ya ƙara tambayar abin da talakawa suke so. Kowa in ya farka, abin da zai fara tambaya shi ne me na ƙetare ya yi jiya. Zaki kuwa yana can yana minshari, ya ma manta ya ce zai zo.

Ana nan har rumbuna suka ƙare, ya rage wa kowace hukuma guda ɗaya tak, wato rumbun iri, wanda za a shuka in ruwa ya sauka. Dattawan Tudu da na Fadama, ba tare da sun haɗa baki ba, suka ce wannan kam ba a taɓa shi, in ya tafi baɗi sai cin ganye. Kurege ya ji, yawunsa ya tsinke. Surinsa ya cika har wuya, amma idonsa bai cika ba. Ya ce a ransa gyaɗar iri ai ita ce zaɓaɓɓiya, wace irin rayuwa ce mutum ya ci gama-gari ya bar zaɓaɓɓiya.

Da gari ya waye ya je ya ce wa Gadu Dorina za ta gina hasumiya wadda in Zaki ya leƙo daga fada ita zai fara gani. Ya je ya faɗa wa Dorina haka game da Gadu. Duka biyun suka ce a yi musu wadda ta fi tsawo, ladan kuwa rumbun iri. Dattawa suka yi ta roƙo, abin da suka iya samu kawai shi ne ba za a miƙa rumbun ba sai ranar buɗe aiki, bayan an gani da ido.

Sai ga matsala. Gara sun yi taro sun gano cewa icen da ake biyansu da shi tun kakanninsu suke cinsa kyauta, suka ce sun ajiye aiki. Kurege ya zauna a gindin surinsa yana sosa kai. Ya ɗaga ido ya dubi surin, ya ga tsawonsa, sai ya fashe da dariya har ya faɗi.

Ya kafa zana doguwa a kan iyaka, daga jikin surin ta yi gabas, daga ɗaya jikin ta yi yamma. Ya ce wa kowane ciyaman an yi ta ne don kada na ƙetare ya saci fasalin gini da ido. Fuskar surin da ke kallon Tudu ya shafe ta da jar ƙasa, wadda ke kallon Fadama ya shafe ta da fara. A gefen gindin surin, inda ya ɗan yi siriri, ya huda rami ya ratsa, daidai jikinsa. Tsuntsaye sun ga komai daga sama, amma ya watsa musu gero, bakinsu ya cika ba su sami damar magana ba.

Gadu ya zo duba aiki, ya ga jar hasumiya, ya ɗaga kai ya leƙa ko zai hango ta Dorina, bai ga komai ba. Alhaji Tanimu ya ce ai tana nan a bayan tasa, gajarta ce ta ɓoye ta. Gadu ya yi dariya har haurensa ya kama rawa. Dorina ma ta zo ta ga farar hasumiya, Injiniya Jatau ya faɗa mata haka, ta yi juyi a taɓo don daɗi.

Kurege ya sa wa Gadu ranar Laraba, ya sa wa Dorina Asabar, ya koma yana kirari:

"Ni ne Kurege mai gini ba cokali. Suri ɗaya, hasumiya biyu. Laraba in ci na Tudu, Asabar in ci na Fadama, Lahadi in kwanta a yi mini fifita."

Abin da bai lissafa ba shi ne wutar da ya hura ta fi ƙarfin bakinsa. Dorina ta ji makaɗan Tudu suna gwaji, ta bincika, ta ce ita ba za a riga ta ba, a dawo da nata Talata. Gadu ya ji ya ce Litinin. Dorina ta ce Lahadi. Kurege ya yi ta gudu tsakaninsu, nan ya ce shafe bai bushe ba, can ya ce masana sun ce ranar ba ta da kyau. Ba wanda ya saurare shi. Daga ƙarshe kowannensu ya buga ƙafa ya ce gobe da hantsi, in an ƙara magana a nemo wani ɗan kwangilar.

Da gari ya waye taro ya cika ta kowane gefen zana. Kowa yana jin kiɗan ɗan'uwansa, ba ya ganinsa. An jawo rumbunan iri an ajiye, na Tudu a Tudu, na Fadama a Fadama, dattawa suna tsaye kusa da su kamar masu zaman makoki. Kurege ya ajiye ƙoƙo da tabarau a cikin ramin, ya ce ai abin mai sauƙi ne, a yi nan a leƙa can.

To, al'adar wurin ita ce, ranar buɗe aiki ciyaman yakan yafa wa ɗan kwangila riga a gaban jama'a, maroƙi ya sanar, sannan a miƙa lada. Gadu ya yafa wa Alhaji Tanimu riga, maroƙin Tudu ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya. Dorina ta ji ta bayan zana. Ta ce ina Injiniya. Kurege ya ce wa Gadu zai ɗan duba harsashi, ya faɗa rami, ya tuɓe, ya kifa ƙoƙo, ya ɓullo yana ɗingishi. Dorina ta yafa masa riga mai aiki, ta ɗora masa wata a kai, maroƙinta ya kwarara shela yana fuskantar zana.

Gadu ya ji, gashin wuyansa ya miƙe. Ya ce ina Alhaji. Kurege ya ɓullo yana haki. Aka zuba masa riguna da alkyabba. Bai gama godiya ba ya ji ana kiran Injiniya. Ya koma, aka ƙara masa riguna da bargo. Ya ce, "Ranki ya daɗe, rigunan sun isa haka, a miƙo rumbun kawai." Dorina ta ce ya yi haƙuri, ba za a tashi a ce ɗan kwangilar Gadu ya fi nata sutura ba.

Kira ya yi ta zuwa da sauri har ya rasa lokacin tuɓewa. Sai ya riƙa barin na Tudu a jiki ya ɗora na Fadama a kai, ya bar na Fadama ya ɗora na Tudu. Yana ta kumbura kamar kabewa. Gadu ya dube shi ya ce wa fadawa su ga yadda mutum yake ƙiba in yana aiki da hukumar kirki. Dorina ta faɗi irin wannan a nata gefen. Gumi ya jiƙa shi, ido ya yi ja, ya kifa ƙoƙo a kan rawani bai sani ba.

Sai aka kira Injiniya, ya tura kai cikin rami, kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, tsakiya ta ce ita nan ta tsaya. Ya yi gaba, babu. Ya yi baya, babu. Hannayen riguna sun leƙo ta Fadama, gindin riguna yana jan ƙasa ta Tudu.

Mutanen Fadama suka kama hannun riga suna ja don su taimaki Injiniya. Mutanen Tudu suka ga Alhajinsu yana shigewa rami, suka kama gindin riga. Gadu ya ce lallai Dorina ce take son sace masa ɗan kwangila, ya ture kowa ya saƙala haure ya ja. Dorina ta ji an ja, ta ce ba a isa ba, ta kama da baki ta ja da baya. Kurege yana tsakiya yana cewa a dakata a yi shawara, amma riga ta toshe masa baki.

Surin nan dama Kurege ya rarake shi har ya zama kamar ɓawon ƙwai. Ya yi ƙara, ya tsage tun daga gindi, ya rufto. Zana ta kwanta. Gero da gyaɗa suka kwararo kamar ruwan kwazazzabo, rabi ya yi Tudu, rabi ya yi Fadama.

Da ƙura ta lafa, ga Gadu ga Dorina suna kallon juna, kowa da yagen riga a baki. Ga tarkacen hasumiya guda ɗaya, gefe ja gefe fari. A kan tulin gyaɗa kuwa ga wani ɗan abu zaune, rawani a ƙasa ƙoƙo a sama, jela ta warware tana reto.

Gadu ya ce, "Alhaji?"

Dorina ta ce, "Injiniya?"

Taron gaba ɗaya ya ce Kurege ne.

Kurege ya karkaɗe kafaɗa, ya yi gyaran murya. Ya ce alhamdu lillahi, ranar da yake jira ta zo. Ya ce dama ya ga shugabanni suna da yawan kyauta, shi ya sa ya riƙa adana musu dukiyarsu a wuri mai kyau, yau kuma ga ta ya miƙa, ba ya neman godiya. Har Gadu ya fara sassautowa, ya tambaya a hankali ko kason Tudu ya fi na Fadama yawa a ciki. Amma sai Kurege ya yi gyatsa, ƙamshin gyaɗa ya cika wurin, kowa ya dubi tumbinsa, wanda yanzu ba jela a ciki.

Gadu ya sa haure ya ɗebe shi ya watsar. Ya faɗo tim a gaban Dorina. Maroƙin Tudu, da yake bakinsa ya riga ya saba, ya sanar cewa ciyaman ya yi jifan da ba a taɓa yi ba. Dorina ta ce wannan ne jifa? Ta sa hanci ta cilla shi, ya wuce kan Gadu ya bugu da ƙofar nan mara ganuwa. Maroƙinta ya ce na Fadama ya fi nisa. Aka ɗauko shi aka kawo wa Gadu, ya sake jefawa. Aka ɗauko aka kai wa Dorina. Fadawa suna bin sawu suna aunawa da ƙafa, ana gardama, Kurege yana sama yana ƙasa, duk inda ya faɗi sai ya bar gashi.

Ƙananan dabbobi ba su tsaya kallo ba. Zomaye, ɓeraye, Iya Bushiya da jikokinta, kowa ya kawo ƙwarya da taiki suna kwasar abin da dama nasu ne. Dattawa suka lallaɓa suka ja rumbunan iri suka mai da su gida, ba wanda ya ce musu don me.

Can Gadu ya ja da baya har bakin shataletale, ya taho a guje, ya tattara duk fushinsa ya ɗebi Kurege. Ya tashi sama, ya wuce gada, ya wuce ƙiryoyi, ya zama ɗan ɗigo, ya ɓace. Dorina ta ce a je a ɗauko shi, saura nata. Fadawa suka je suka dawo suka ce ya faɗa bayan iyaka, inda ba hukumar kowa ba ce, ba su da ikon shiga. Gadu ya ce shi ya ci ke nan. Dorina ta ce ai iska ce ta taimake shi. Na bar su a nan suna wannan musun, ban sani ba ko sun gama.

Shi kuwa Kurege cikin sarƙaƙiya ya sauka. Ya fito da ƙyar, ido ɗaya a kumbure, jela kamar tsohuwar tsintsiya, ɗingishin kuma yanzu na gaske ne. Rumbun iri ya tafi, na cikin suri ya tafi, ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ta maƙale masa a gashi ba. Ya zauna a bakin hanya yana cire ƙaya yana nishi.

Sai ga Hawainiya tafe da ɗan ƙunshinta, tana taku kamar ba ta son ƙasa ta ji. Ta yi masa sannu, ta tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce karramawa aka yi masa, shugabanni biyu suka yi ta ɗaga shi sama. Ya tambaye ta daga ina. Ta ce daga dajin Giwa, can gaba da duwatsu, ta baro shi ne don hayaniya ta yi yawa. Giwa ta gaji da mulki, ta yanka ƙasarta gunduwa-gunduwa, yanzu kowane kwari da ciyaman ɗinsa, kuma ba mai gaida wani.

Kurege ya daina nishi. Idon nan da ya kumbura ya buɗe da kansa. Ya tambaye ta ko suna da rumbuna, ta ce cike. Ya tambaye ta ta ina aka fi kusa, ta nuna masa da baki.

Ya miƙe yana jan ƙafa, ya kama hanya, tana jin muryarsa har ya sha kwana:

"Ni ne Kurege, an jefa ni ban fashe ba. Biyu kawai na samu na yi tumbi. Ku gyara rumbuna, manyan kwari, baƙo na tafe."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Wanda ya ce na ƙara mata gishiri, ya je ya tambayi gara, su suka yi ginin.